Yadda Za Ka Bi Sawun Alaƙar Jon Noks da Kirsimeti Ba Tare da Ka Ɗora Masa Abin da Bai Yi Ba

Duk wanda aka ba shi aikin rubuta maƙala, ko shirya darasi ga ɗaliban tauhidi, a kan abin da ya haɗa Jon Noks, jagoran gyaran ikkilisiya a Sikotland a ƙarni na 16, da bikin Kirsimeti, yakan ci karo da wata magana tun bai yi nisa ba, wai Noks ne ya hana Kirsimeti a ƙasar Sikotland har kusan shekara 400. Maganar tana da daɗin faɗa, kuma ba a rasa ƙamshin gaskiya a cikinta ba, amma wanda ya kwashe ta haka ya zuba a takarda ya haɗa abubuwan da shekaru masu yawa suka raba. Noks ya rasu a birnin Edinbara ranar 24 ga Nuwamba, 1572, dokar majalisar ƙasar da aka fi ambatawa a wannan batu kuwa sai a 1640 aka yi ta, wato shekara 68 bayan an binne shi. Hanyar da ke tafe ita ce wadda nake ganin ta fi dacewa a bi, tun daga gyara tambayar har zuwa gabatar da sakamakon.

Fara da raba tambayar gida biyu

Kafin ka buɗe kowane littafi, ka rubuta tambayoyi biyu a takardu daban, kada ka bari su sake cakuɗewa. Ta farko ita ce abin da malamin ya gaskata game da haihuwar Almasihu, ta biyu kuma abin da ya ce game da keɓe ranar 25 ga Disamba domin tunawa da wannan haihuwa. Yawancin ruɗanin da ke cikin wannan batu ya samo asali ne daga ɗaukar amsar tambaya ta biyu a mayar da ita amsar ta farko.

Amsar tambaya ta farko ba ta da wahalar samu. Shaidar bangaskiya da majalisar Sikotland ta amince da ita a watan Agusta na 1560, wadda Noks yana cikin waɗanda suka tsara ta, ta ware babi na 6 ga zaman Almasihu mutum, inda ta ce ya ɗauki jikin ɗan Adam daga budurwa ta wurin ikon Ruhu Mai Tsarki, sannan babi na 7 ya bayyana dalilin da ya sa dole matsakanci ya zama Allah na gaskiya kuma mutum na gaskiya. Ka karanta waɗannan babi biyu da farko, domin su ne za su hana ka rubuta cewa mutumin bai damu da labarin Baitalami ba. Rigimarsa da ranar ce, da kuma ikon da wani yake da shi na ɗora wa ikkilisiya ita.

Nemo ƙa'idar da ke ƙarƙashin ƙin

Idan za ka nemi rubuce-rubucensa, sunansa a Turance John Knox ake rubutawa, kuma David Laing ya tattara ayyukansa cikin juzu'i 6 tsakanin 1846 da 1864. Kada ka sa ran samun wani littafi da ya keɓe wa Kirsimeti shi kaɗai, domin abin da ya cika masa ciki shi ne hadayar Mas ta cocin Katolika, bikin kuwa ya shigo ne ta wannan ƙofa. Sunan ranar a Turanci ma daga nan ya fito, ma'anarsa Mas na Almasihu, kuma kunnen mutanen ƙarni na 16 yana jin wannan kalma sarai, ba kamar na yau da ya saba da ita har ya daina lura ba.

Wurin da ya fi dacewa ka tsaya shi ne jawabin da ya yi a birnin Niyukasil na Ingila a watan Afrilu na 1550, sa'ad da aka kira shi ya kare abin da yake wa'azi a gaban bishop na Durham da sauran manya. Shekara guda ke nan da sakinsa daga jiragen ruwan yaƙi na Faransa, inda ya yi wata 19 yana tuƙi cikin sarƙa bayan faɗuwar ganuwar Sent Andurus a 1547. A jawabin ya kafa hujjarsa a kan magana ɗaya, cewa duk wata sujada da tunanin mutum ya ƙago, ba tare da umarnin Allah kai tsaye ba, bautar gumaka ce. Ka lura da nauyin wannan ƙa'ida, domin ta bambanta da wadda Martin Luta, jagoran gyaran ikkilisiya a Jamus, da cocin Ingila suka bi. A wurinsu abin da Littafi Mai Tsarki bai hana ba ana iya riƙe shi idan yana da amfani, a wurin Noks kuwa abin da bai umarta ba ba shi da wuri a cikin sujada. Da zarar ka fahimci wannan, sauran labarin ya zama lissafi mai sauƙi. Bisharar Matiyu da ta Luka sun ba da labarin haihuwar, amma babu wadda ta faɗi kwanan wata, babu kuma umarnin a riƙa yin idi kowace shekara, kuma shaida mafi daɗewa ta bikin a ranar 25 ga Disamba ta fito ne daga Roma a ƙarni na 4. Ga mai wannan ƙa'ida, waɗannan sun isa hujja.

Karanta takardun bi da bi, ka kuma kula da wanda ya rubuta su

Takardar da ta ambaci Kirsimeti da suna ita ce littafin farko na tsarin ikkilisiya, wanda aka tsara a 1560. A sashensa na farko, da ke magana a kan koyarwa, an jera abubuwan da ake so a kawar daga ƙasar, har da bukukuwan manzanni da na shahidai da na budurwai, da Kirsimeti, da idin kaciyar Yesu, da idin bayyanarsa ga masanan gabas, da idin tsarkakewar Maryamu. Dalilin da aka bayar shi ne wanda ka riga ka gani a Niyukasil, wato ba su da umarni ko tabbaci a cikin Nassi.

Akwai abubuwa uku da za ka kiyaye a nan, kuma na farkon shi ne ya fi saurin kuɓuce wa marubuta. Mutum shida ne suka tsara littafin, kuma abin mamaki dukkansu sunansu Jon: Noks, da Winram, da Spottiswoode, da Willock, da Douglas, da Row. Saboda haka daidai ne ka ce Noks yana cikin waɗanda suka rubuta, kuma ra'ayin ya yi daidai da nasa, amma kada ka kawo jimlar kamar daga bakinsa shi kaɗai ta fito. Na biyu, majalisar ƙasa ba ta mayar da littafin doka ba. Wasu sarakuna da masu ƙasa sun sa hannu a kansa a watan Janairu na 1561, amma shirinsa na karkatar da dukiyar tsohuwar coci zuwa albashin masu wa'azi da makarantu da taimakon matalauta bai yi wa masu riƙe da dukiyar daɗi ba. Abin da ke hannunka, ke nan, burin shugabannin ikkilisiya ne, ba hukuncin gwamnati ba. Na uku kuma batun kalanda ne, wanda ƙaramin abu ne amma yana iya ɓata maka lissafi: kafin 1600 sabuwar shekara a Sikotland tana farawa ne ranar 25 ga Maris, don haka takardar da aka sa wa Janairu 1560 a zamanin, a lissafinmu Janairu 1561 ce.

Takarda ta gaba ita ce, a ganina, mafi amfani a cikin binciken gaba ɗaya, domin ita ce ke nuna cewa matsayin Sikotland ba shi ne na dukkan 'yan gyaran ikkilisiya ba. A 1566 aka aiko wa cocin Sikotland shaidar bangaskiya ta biyu ta ikkilisiyoyin Suwizalan, wadda Heinrich Bullinger na birnin Zurik ya rubuta, domin su duba su amince. Babi na 24 na wannan shaida ya yaba wa ikkilisiyoyin da, cikin 'yancinsu na Kirista, suke tunawa da haihuwar Ubangiji da kaciyarsa da shan azabarsa da tashinsa da hawansa sama da saukowar Ruhu Mai Tsarki. Shugabannin cocin Sikotland sun rubuta wa Tiyodo Beza, jagoran ikkilisiyar Jeneba a lokacin, cewa sun yarda da shaidar gaba ɗaya, ban da wannan wuri, domin su ba sa keɓe wata rana sai wadda Nassi ya umarta. Ka ajiye babin da wasiƙar gefe da gefe a kan teburinka. Za ka ga mutanen da suka yi tarayya a kusan kowace koyarwa sun rabu a kan abu ɗaya, kuma sun rabu cikin ladabi, ba wanda ya kira ɗan'uwansa mai ridda. Wannan kuma zai hana ka kuskuren jingina komai ga Jon Kalbin, babban malamin gyaran ikkilisiya na Jeneba, don kawai Noks ya zauna a Jeneba yana girmama shi. Hukumar Jeneba ta soke ranakun idi a 1550, amma Kalbin da kansa ya rubuta cewa ba da shawararsa aka yi ba, kuma bai ɗauki batun a matsayin abin da zai raba ikkilisiyoyi ba.

Ko kalmar Firesbiteriya ma ka yi amfani da ita da lura. Ana kiran Noks uban wannan ɗarika, kuma ba laifi, amma cikakken tsarin mulkin ikkilisiya ta hannun majalisun dattawa ya kafu ne bayan rasuwarsa, a ƙarƙashin Andrew Melville da littafi na biyu na tsarin ikkilisiya na 1578.

Bi labarin bayan mutuwarsa, ka ba kowa nasa

Yaƙin da ya mayar da ƙin Kirsimeti alamar da ake gane ɗan Firesbiteriya da ita magada ne suka yi shi. Sarki Jemis na Shida, bayan ya haɗa sarautar Ingila da tasa a 1603, ya so cocin Sikotland ta yi kama da ta Ingila, sai ya matsa wa babban taron ikkilisiya da ya zauna a Perth a 1618 ya amince da abubuwa biyar: durƙusawa wajen karɓar Jibin Ubangiji, da yin baftisma a gida, da kai wa marar lafiya Jibin, da tabbatar da yara ta hannun bishop, da kiyaye ranaku biyar, wato Kirsimeti da Juma'ar mutuwar Almasihu da Ista da ranar hawansa sama da Fentikos. Majalisa ta tabbatar da su a 1621. Daga nan batun ya tashi daga na kalanda ya koma na iko, wato ko sarki yana da hurumin tsara wa ikkilisiya sujadarta. David Calderwood ya yi rubutu a kan taron Perth a 1619, George Gillespie kuma, yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya fitar da doguwar hujjarsa a kan waɗannan al'adu a 1637. Idan kana neman cikakken bayanin tauhidi a kan ranakun idi, a wurin waɗannan biyun za ka same shi fiye da wurin Noks.

Babban taron ikkilisiya da ya zauna a Gilasgo a 1638 ya soke abubuwan Perth, sannan a 1640 majalisa ta soke hutun ƙarshen shekara da kotuna suke yi a lokacin bikin. An riƙa janye wannan doka ana maido da ita yayin da gwamnatoci suke sauyawa, don haka kada ka zana ta kamar katanga ɗaya da ta tsaya daram har ƙarni na 20. Jagoran sujada da taron malaman tauhidi na Wesminista a Landan ya tsara, wanda Sikotland ta karɓa a 1645, ya faɗi a ƙarshensa cewa babu ranar da aka umarta a tsarkake a ƙarƙashin bishara sai ranar Ubangiji, kuma ranakun idi ba za a ci gaba da su ba.

A nan ne ake yawan jawo Oliba Kuromwel, jagoran sojan da ya mulki Ingila bayan yaƙin basasarta, cikin labarin, kuma gara ka bar shi a inda yake. Majalisar Ingila ce ta soke Kirsimeti da Ista da Fentikos a 1647, shekara shida kafin ya zama shugaban ƙasa, kuma shi ba ɗan Firesbiteriya ba ne. Haka ma tarar sule biyar da yankin Masacuset na Amurka ya sa wa masu bikin daga 1659 zuwa 1681, aikin Furitan, wato Furotesta masu tsananin ra'ayi da suka fito daga Ingila, masu bin tsarin ikkilisiya mai cin gashin kanta ne.

Duba abin da mutane suka yi, ba abin da aka rubuta musu kaɗai ba

A wancan zamani kowace ikkilisiya a Sikotland tana da majalisar dattawa da ke zama tare da mai wa'azi, tana kiran masu laifi tana rubuta abin da ya gudana. Hukumar adana tarihin ƙasar tana riƙe da dubban waɗannan littattafai, an kuma ɗora hotunan da yawa daga cikinsu a intanet. Idan ka shiga cikinsu, kalmar da za ka nema ita ce Yule, domin ita ce sunan da talakawa suke kiran lokacin da shi, kuma marubutan zamanin sukan rubuta ta da wani harafi mai kama da z, har ta fito kamar Zule. Wanda bai san wannan ba zai wuce shafin da yake nema bai gane shi ba.

Abin da za ka tarar a ciki ƙananan shari'o'i ne: mai gashin burodi da ya yi wainar biki, mai sana'a da ya rufe shagonsa a ranar da aka ce a yi aiki, samari da 'yan mata da suka sa kayan ɓad-da-kama suna yawo gida-gida, mata da aka kama suna rawa da waƙa. Ka karanta su da hankali biyu. Suna nuna cewa dattawa sun ɗauki abin da gaske, amma suna kuma nuna cewa shekara bayan shekara mutane ba su daina ba, domin ba a maimaita tsawa a kan abin da ya riga ya mutu. Yankin arewa maso gabas, wajen Abadin da Elgin, ya fi sauran taurin kai a wannan fanni. A hankali shagalin ya tattara a daren sabuwar shekara, wanda ake kira Hogmanay, ranar da ba ta da wata alaƙa da Mas, Kirsimeti kuwa ya zauna ranar aiki ga yawancin ma'aikata har sai da aka mayar da shi hutun ƙasa a 1958, washegarinsa kuma a 1974. Daga wannan tazara ta 1560 zuwa 1958 ne aka samo zancen shekara 400.

Idan aikinka ya kai ka Amurka

'Yan Firesbiteriya sun haye teku da wannan gado. Samuel Miller, malami a makarantar tauhidi ta Firinsiton, ya kare ƙin ranakun idi a rubutunsa na 1835, kuma har a 1899, shekara 29 bayan gwamnatin tarayya ta mayar da Kirsimeti ranar hutu, babban taron cocin Firesbiteriya ta kudancin ƙasar ya bayyana cewa Nassi bai ba da hujjar kiyaye Kirsimeti da Ista a matsayin ranaku masu tsarki ba. A arewa iska ta riga ta juya. Henry van Dyke, fasto kuma marubucin labaran Kirsimeti da suka yi farin jini, shi ne ya shugabanci kwamitin da ya fitar da littafin addu'o'in cocin a 1906.

Mutum biyu a gari ɗaya za su nuna maka amfanin raba tambayoyin nan biyu da muka yi tun farko. A ƙarshen 1923 van Dyke ya bar kujerarsa a cocin Firesbiteriya ta farko a Firinsiton, ya kuma sanar da jaridu, don ya gaji da wa'azin J. Gresham Machen, wanda yake riƙe da mumbarin a lokacin yana sukar masu sassaucin koyarwa. Machen ɗin ne a 1930 ya wallafa babban bincike da ke kare haihuwar Almasihu daga budurwa a matsayin abin da ya faru a tarihi, yana bin labaran Matiyu da Luka dalla-dalla. A zamanin Noks kowa ya yarda da haihuwar, gardama a kan ranar take. A zamanin Machen ranar ta riga ta shiga yawancin majami'u, sai gardamar ta koma kan haihuwar kanta.

Gabatar da abin da ka samu

Wajen rubutawa, ka kawo nassoshin kowane ɓangare yadda masu su za su yarda cewa ka faɗi hujjarsu daidai. Masu ƙin ranar suna kafa hujja da Maimaitawar Shari'a 12:32, da Galatiyawa 4:9-11, da Kolosiyawa 2:16-23. Masu riƙe ta suna nuna Romawa 14:5-6, da idin Furim a Esta 9, da kasancewar Yesu a Haikali lokacin idin tsarkake shi a Yohanna 10:22, idin da ba ya cikin dokokin Musa. Kowane ɓangare yana da amsar da yake ba ɗayan, kuma darasinka zai fi armashi idan ka bar ɗalibai su ji amsoshin kafin ka faɗi naka ra'ayin.

Duk inda ka rubuta cewa an hana, ka tambayi kanka wane ne ya hana, a wace shekara, kuma da wane iko, ko na littafin ikkilisiya, ko na babban taro, ko na majalisar ƙasa, ko na dattawan wani ƙauye. Haka kuma kada ka rubuta abin da 'yan Firesbiteriya suke yi a yau sai ka faɗi wace coci kake nufi. Babbar Cocin Sikotland tana yin sujadar daren Kirsimeti, har a majami'ar Sent Jayils ta Edinbara inda Noks ya yi wa'azi, wadda ake nuna wurin kabarinsa a filin ajiye motoci da ke bayanta. 'Yantacciyar Cocin Firesbiteriya ta Sikotland kuwa, wadda aka kafa a 1893, har yanzu ba ta kiyaye ranar, kuma hujjar da take bayarwa ita ce wadda aka rubuta wa Beza a 1566.